Karatu Ta Intanet: Daga Wace Rijiya 'Ya'yanmu Suke Ɗebo Ilmi?

A watan Maris na shekarar 2020 ne gwamnatin tarayya ta ba da umurni a rufe dukan makarantun ƙasar nan saboda annobar korona. A cikin wannan watan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai a watan Disamba. Ba a daɗe da komawa aji ba, sai aka sake wani yajin aikin na wata 8 a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A waɗannan shekaru ne da yawa daga cikinmu iyaye muka fara jin 'ya'yanmu suna cewa malami ya turo darasi ta waya, ko kuwa ana bukatar kuɗin data domin a shiga aji. Annoba ta wuce, an koma makaranta, amma wannan hanyar karatu ta zauna daram. Yau da wuya a sami gidan da ke da ɗalibi a babbar makaranta wanda ba a wayar hannu yake yin rabin karatunsa ba.

Saboda haka ya kamata mu tsaya mu dubi abin da ke faruwa sa'ad da aka ba yaro aikin gida, ya ɗauki wayarsa ya shiga ɗaki. Ina yake nufa? Wa yake tambaya? Ta yaya yake rarrabe abin da ya dace ya rubuta da wanda ya kamata ya watsar? Gama a kan amsar waɗannan tambayoyi ne darajar takardar shaidar da muke biya wa kuɗi ta rataya.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne

Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wato NTI, wadda ta horar da ɗimbin malaman firamare suna kan aikinsu, ta hanyar littattafan da ake raba musu da kuma haɗuwa da masu koyarwa a ƙarshen mako. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sa'an nan Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita bayan dawowar mulkin farar hula. Ita ce ake kira NOUN, tana kuma da cibiyoyin karatu a dukan jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Maiduguri su ma suna da sassan karatu daga nesa. Tun 2015 kuwa, duk mai neman shiga jami'a a kan kwamfuta yake rubuta jarrabawar JAMB.

To, amma akwai babban bambanci tsakanin na da da na yanzu. Malamin firamaren da ya yi karatun NTI a shekarun 1980, littafin da ke hannunsa ya bi ta hannun masana da editoci kafin ya iso gare shi. In ya je laburare, akwai ma'aikacin da ya zaɓi abin da za a jera a kan kanta. Wato wani ya riga ya yi masa aikin tacewa. Ɗalibin yau kuwa, an buɗe masa ƙofar kasuwa mai faɗi wadda kowa ke baje kayansa, nagari da jabu duk a rumfa ɗaya, aka bar masa aikin tacewa shi kaɗai, alhali ba wanda ya taɓa koya masa wannan aiki.

Abin da masu nazari suka gano

Masana sun daɗe suna lura da yadda ɗalibai ke bincike. A 2007 aka buga wani nazari da aka yi a Jami'ar Cornell ta Amurka. An ba ɗalibai tambayoyi su nemi amsa a Google, aka sa na'urar da ke bin motsin idonsu. Ba tare da saninsu ba, sai masu nazarin suka juya jerin sakamakon, na ƙasa ya koma sama. Duk da haka ɗaliban suka ci gaba da karkata ga abin da ke saman jeri, ko da yake wanda ke ƙasa ya fi dacewa da tambayar. Ashe matsayin abu a jeri shi ke jan hannunsu fiye da abin da ke cikinsa.

A 2008 wasu masana na wata jami'a a Landan suka yi wa Babban Laburaren Birtaniya nazari a kan matasan da suka tashi da intanet. Suka tarar cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na masu buɗe mujallun ilmi a kwamfuta ba sa wuce shafi 3, yawancinsu kuma ba sa sake dawowa. Ana tsallake-tsallake ne daga wannan zuwa wancan, a karanta kanun magana da taƙaitawa, a wuce. Rahoton ya kuma nuna cewa iya sarrafa na'ura daban ne da iya neman bayani. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin da yawa cikinmu in muka ga yatsun yaro suna gudu a kan waya, sai mu ɗauka ya gama sanin kome.

A 2010 kuma wani bincike daga Jami'ar Washington ya tambayi ɗalibai fiye da 8,000 a manyan makarantu 25 na Amurka abin da ya fi ba su wuya a aikin bincike. Kashi 84 cikin 100 suka ce farawa. Samun bayani bai dame su ba, gama ya yi yawa har ya fi ƙarfinsu. Abin da ya gagare su shi ne sanin ainihin abin da suke nema. Wata malama a Jami'ar Rutgers, Carol Kuhlthau, ta bayyana wannan tun a 1991. Ta ce mai bincike yakan bi matakai 6, kuma da zarar ya fara karanta abubuwa masu saɓa wa juna, ruɗewarsa takan ƙaru kafin ta ragu. Sai ya daure har ya tsai da tambaya ɗaya takamaimiya ne hankalinsa ke kwanciya. A aji, malami yakan lura da fuskar ɗalibin da ya ruɗe, ya kama hannunsa. A karatun intanet ba mai ganin fuskarsa. Daidai wannan lokacin ruɗewa ne yaro ke miƙa wuya, ya kwafe abu na farko da ya gani, ko ya tura saƙo a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu cewa wanda ya gama ya taimaka.

Wa ya jera kayan a saman shafi?

Ya kamata mu san yadda waɗannan injunan bincike ke aiki. Kamfanin Google, wanda aka kafa a 1998, yana jera shafuka bisa ga alamu da yawa, cikinsu har da yawan sauran shafukan da ke nuni zuwa gare su da kuma kalmomin da suka ƙunsa. Ba ya auna gaskiyar kowace jimla. Ban da haka, yawancin kuɗin kamfanin daga talla yake zuwa, shi ya sa sau da yawa layukan farko na waɗanda suka biya ne. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan, gyara shafi yadda zai haye sama. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya rubuta taken kundinsa na kammala karatu, abin da yakan fara cin karo da shi shi ne shafukan masu sayar da kundi kammalalle, babi na ɗaya kyauta, sauran kuma sai an tura kuɗi.

Ko ɗalibai na iya gane irin wannan? A 2016 ƙungiyar Farfesa Sam Wineburg ta Jami'ar Stanford ta duba amsoshin ɗalibai 7,804 daga jihohi 12 na Amurka. Fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandare sun ɗauki talla a matsayin labari na gaske, ko da yake an rubuta a jikinta cewa biya aka yi. A 2019 suka sake gwada 'yan babbar sakandare 3,446. Aka nuna musu wani bidiyo da aka ce maguɗin zaɓe ne a Amurka, alhali a Rasha aka ɗauke shi. Kashi 52 cikin 100 suka ce hujja ce mai ƙarfi. Waɗannan yara ne da ke da wuta dare da rana, da kwamfuta a makaranta da gida.

Mu ma mun ɗanɗana namu. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyin ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Masu ilmi da marasa ilmi suka tashi da asuba suka bi, wasu suka kwana a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwa. Yaron da ya girma yana ganin manya suna tura duk abin da aka turo musu, da wannan hali zai shiga aikin makaranta.

Nauyin da ɗalibinmu ke ɗauke da shi

A kan waɗannan matsaloli, ɗalibin Arewa yana da nasa ƙari. Na farko tsadar data. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda ke kallon datarsa tana zurarewa ba zai buɗe shafi 5 domin ya gwada su ba. Zai ɗauki na farko ya kashe waya. Na biyu wuta. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. A watan Satumba na 2021 kuma an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ɗalibin karatu daga gida da ke zaune a waɗannan wurare, makarantarsa aka rufe ke nan, ko da yake ba wanda ya sanar da haka.

Na uku ƙanƙantar fuskar waya. Takarda mai shafi 40 ba ta karantuwa da daɗi a kan abin da bai wuce tafin hannu ba, ga kuma saƙonni suna faɗowa suna ɗauke hankali. Na huɗu harshe. Yaron da ke tunani da Hausa ko Tarok ko Bura ko Bajju, dole ya nemi kalmar Turanci daidai kafin injin ya kai shi wurin da ya dace. In kalmar ta kuɓuce masa, sai ya kwafe dukan tambayar malami ya manna, abin da zai fito kuwa shi ne amsar da wani ya riga ya rubuta. Wikipedia ta Turanci ta haura maƙaloli miliyan 6, ta Hausa kuwa ba ta kai ko kashi 5 cikin 100 na wannan ba. Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013, amma duk wanda ya gwada shi da maganar kimiyya ko shari'a ya san yana bukatar a bi bayansa.

Sabon baƙo mai daɗin baki

A watan Nuwamba na 2022 aka fito da ChatGPT, a watan Afrilu na 2024 kuma kamfanin Meta ya sa irin wannan manhaja a cikin WhatsApp ga masu amfani da shi a Nijeriya. Ana kiran wannan fasaha ƙirƙirarriyar basira. Yanzu ɗalibi ba ya ma bukatar ya zaɓa daga jeri. Yana rubuta tambaya, sai amsa ta fito a shirye, cikin Turanci mai santsi.

Ba za mu ce ba ta da amfani ba. Tana iya sauƙaƙa bayani mai wuya, ta gyara nahawu, ta kawo misalai ga wanda ba shi da malami kusa. Sai dai a san yadda aka gina ta. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu tarin yawa, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace. Saboda haka takan ƙaga sunan littafi, da na marubuci, da shekarar bugu, duk su yi kama da gaskiya alhali babu su. A watan Yuni na 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 domin sun gabatar wa kotu hukunce-hukunce 6 da manhajar ta ƙaga musu. In lauyoyin da suka yi shekaru a bakin aiki suka faɗa wannan rami, ina ga ɗan aji ɗaya? Kuma yawancin abin da aka ciyar da ita daga ƙasashen Turawa ya fito. Tambaye ta tarihin wata ƙaramar masarauta a Kudancin Kaduna ko Adamawa, za ta amsa ba da wata-wata ba, amma kafin a rubuta amsarta a kundi sai an je wurin dattawa da takardun tarihi.

Ko masu karatun digiri na biyu da na uku ba su tsira ba. Akwai mujallun da ke kiran kansu na ilmi, amma duk wanda ya biya sai su buga masa. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya shirya maƙalar kimiyya ta bogi mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Irin waɗannan maƙalu suna nan zube a intanet, kuma kyauta ne buɗe su.

Me ke cikin haɗari?

Wani zai ce, ai muddin yaro ya ci jarrabawa, mene ne abin damuwa? To, mu tuna cewa waɗannan yara su ne za su zama ma'aikatan jinya a asibitocin karkararmu, da malaman jikokinmu, da masu auna ƙarfen gada. Ma'aikaciyar jinyar da ta saba ɗaukar amsar farko ba tare da ta duba tushe ba, haka za ta yi ranar da take neman awon maganin jariri. Uban da ya sayar da masararsa, da gwauruwar da ta shiga adashi domin kuɗin makaranta, ilmi suka biya wa kuɗi. In aka miƙo musu takarda kawai, an cuce su, ko da yake ba wanda zai kai ƙara. Ranar neman aiki kuwa, sa'ad da aka ajiye waya a bakin ƙofa, jiki magayi.

Abin da za a iya yi

Ƙungiyar Stanford ɗin nan ta yi wani gwaji a 2017 wanda ya nuna mafita. Suka ɗauki malaman tarihi 10 masu digirin digirgir, da ɗaliban jami'arsu 25, da ƙwararrun masu tantance labarai a gidajen jarida 10, suka ba su shafukan da ba su sani ba. Ɗaliban da wasu malaman suka zauna cikin shafin suna karantawa daga sama har ƙasa, kyawun tsari da tambari ya ruɗe su. Masu tantance labarai kuwa, da sun leƙa sai su fita, su nemi abin da wasu ke faɗi game da masu shafin. Sun fi sauran sauri, sun kuma fi su dacewa. Wannan ba baƙuwar dabara ba ce a gare mu. In baƙo ya zo neman auren 'yarmu, ba bakinsa kaɗai muke saurara ba, mukan aika garinsu a tambayo asalinsa.

Ga ɗalibai, muna ba da shawara haka. Ku fara da littafin darasi da jerin littattafan da malami ya bayar, domin daga nan za ku sami kalmomin da suka dace. Ku rubuta tambayarku a takarda da kalmominku kafin ku kunna data. Duk shafin da kuka buɗe, ku tambaya wa ya rubuta, yaushe, me kuma zai samu in kun yarda. Kada ku rubuta sunan littafin da ba ku gan shi da idonku ba. Ku kuma san rijiyoyi masu tsabta. NOUN ta sa littattafan darussanta a shafinta, kowa na iya saukewa kyauta. Google Scholar, wanda aka buɗe a 2004, maƙalun ilmi yake nema. AJOL tana tattara mujallun ilmi na Afirka tun 1998. Masu karatun lafiya su tambayi laburarensu game da Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin makarantun ƙasashe masu tasowa. Ga 'yan firamare da sakandare akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana kuma da darussa da Hausa.

Ga malamai, aikin gidan da ke cewa a bayyana ma'anar abu a kawo amfaninsa 5 ya riga ya mutu, gama waya za ta amsa shi cikin daƙiƙa kaɗan. A ba da aikin da zai sa yaro ya je kasuwar garinsu, ko ofishin gona, ko ya gwada bayanai biyu masu saɓani ya faɗi wanda ya fi ƙarfi da dalilinsa. A kuma ba da maki a kan hanyar da ya bi ya sami bayanin. Makarantu su sa ma'aikatan laburare cikin zaurukan ɗalibai na intanet, tun da yake nan ɗaliban suke.

Mu iyaye, ko ba mu taɓa riƙe kwamfuta ba, muna iya cewa yaro ya rufe waya ya bayyana mana da harshen gida abin da ya rubuta. Wanda ya fahimta zai iya, wanda ya kwafa kuwa zai yi ta kame-kame. Tambayar nan mai sauƙi, wa ya faɗa maka, ta isa ta fara gyara.

Ikilisiyoyinmu ma suna da abin bayarwa. Yawancinsu suna da ɗakunan da ke kulle daga Litinin zuwa Juma'a, suna kuma da malamai da ma'aikatan asibiti da suka yi ritaya. Da faifan hasken rana, da 'yan tebura, da dattijo ɗaya mai zama da yamma, ɗaki ɗaya zai zama wurin karatun dukan yaran unguwa, namu da na maƙwabta. Kakanninmu da yawa a ƙarƙashin bishiyar majami'a suka koyi a, ba, ca. Abin da ake bukata yanzu ci gaban wannan aiki ne.

Gwamnati kuwa, tun da ta mai da jarrabawa kan kwamfuta, wajibi ne ta sa koyon tantance bayani cikin manhajar karatu tun daga sakandare, ta kuma yi magana da kamfanonin waya domin a sauke kuɗin data a kan shafukan makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ke aji ɗaya na sakandare a bana, nan da shekara 6 zai nemi shiga jami'a, kuma halin binciken da ya koya kafin lokacin shi zai tafi da shi. Allah ya ba mu ikon lura.